Littafin aikin lilon yara

Asabar, 5 ga Afrilu

Yau na auna filin da ke gefen gida. Tsawo mita 9 da 'yan santimita, faɗi mita 7. A nan nake so in kafa wa yara lilo. Abin da ya tunzura ni shi ne zuwanmu filin wasa makon jiya: lilo biyu kacal, yara sun fi goma a layi. Babbar 'yata mai shekara 7 ta kutsa ta hau. Ƙaninta mai shekara 4 da rabi ya tsaya har rana ta faɗi bai samu ba, ya yi kuka tun daga can har gida. Auta kuwa, wata 14, tana hannun mamanta tana bin lilon da ido, kanta na zuwa yana dawowa kamar ita ce a kai.

Na zana abin a takarda. Ƙafa huɗu, biyu-biyu sun haɗa kai a sama, ƙarfe ɗaya a gicciye, kujeru uku, kowa da tasa. Tsayi mita 2 da rabi. Na ce wa maman yara aikin Asabar biyu ne. Ta ce, "To, Allah ya sa," da irin muryar nan da na sani.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Zanen jiya ya rushe tun kafin a sayi ko ƙusa. Na samu littafin ƙa'idojin filin wasan yara na CPSC, hukumar Amurka mai kula da amincin kayan da jama'a ke saye, a intanet, na zauna da shi da dare. Ya ce a bar fili babu komai a gaban lilo da bayansa, kowane ɓangare ninki biyu na tsayin inda sarƙa take rataye. In na yi mita 2 da rabi, ke nan mita 5 gaba, mita 5 baya. Ba ni da mita 10. Na sauko zuwa mita 2.1, wanda zai ci mita 8.4, ya bar mini ɗan rara kafin katanga.

Kujeru uku ma babu. Ba a son fiye da biyu a tsakanin ƙafafu guda, don na tsakiya ba shi da hanyar sauka sai ta gaban ɗan'uwansa. Tsakanin lilo da lilo a bar santimita 60, tsakanin lilo da ƙafar ƙarfe kusan 76. Da na haɗa da faɗin kujerun, ƙarfen sama ya kama mita 3.3. Kujerar jarirai kuma, mai kama da bokiti da ramukan ƙafa, an fi so a yi mata wurinta daban. Auta sai ta jira.

Kuma a haƙe ƙasan a zuba abu mai taushi, zurfin santimita 30, don in ya kwanta ya rage 23. Na rubuta "yashi" na rufe kwamfuta.

Laraba, 9 ga Afrilu

Wajen mai walda. Ya dubi zanen ya ɗauko wani siririn bututu ya ce, "Wannan ya isa, ai yara ne." Na ce masa, "Malam, yaran ba a zaune kawai za su yi ba." Lissafin mai sauƙi ne. In aka ja yaro baya har sarƙa ta karkace digiri 60 aka sake shi, lokacin da ya zo ƙasa sarƙar na ɗauke da nauyinsa ninki biyu. In ya tashi har ya yi daidai da ƙarfen sama, ninki uku. Ga shi na san wata rana babba zai zauna a kai, watakila ma ni ne.

Mun tsaya a kan bututu inci 3 a sama, inci 2 a ƙafafu, duk mai rufin zinki saboda tsatsa. Bututun mita 6 yake zuwa, guda biyu in an raba kowanne biyu sun ba da ƙafa huɗu masu mita 3, babu asara. Ya ce a waje zai yi waldar, kuma sai ya goge zinkin daga inda zai haɗa, don hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Wannan maganar ce ta kwantar mini da hankali da shi.

Na ce a sa boris a inda sarƙa za ta rataya. Ya ce zobe biyu a sarƙafe sun isa, boris ɓarnar kuɗi ne. Na bi shi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Haƙa. Mita 8.4 a tsaye, mita 4 a kwance, zurfin santimita 30. A takarda layi ɗaya ne. A ƙasa kuwa kubik 10 ne, baro sama da 130. Na fara da safe da diga da shebur, kafin rana ta take tafin hannuna ya yi ƙuraje biyu, ko kashi ɗaya cikin biyar ban yi ba. Ɗana ya kawo ƙaramin bokitinsa yana taya ni, yana kwashe ƙasar daga tulin yana mayar da ita ramin.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Kullum bayan aiki baro 15 ko 20. Jiya na haƙura na ɗauki mutum biyu, suka ƙarasa yau. Ramukan ƙafafu huɗu ma an yi.

Asabar, 19 ga Afrilu

An kawo ƙarfen, mu huɗu muka ɗaga shi muka zura ƙafafun cikin ramuka. Kowa ya ja baya ya duba ya ce ya yi daidai. Ni ma haka na gani. Wani dattijon magini a cikin waɗanda suka taya ni ya ce, "Ɗana, ido ba mudu ba ne. Kawo tiyo." Ya cika siririn tiyo mai garai-garai da ruwa, ya riƙe baki ɗaya a wannan ƙarshen ƙarfen, ni na riƙe ɗaya a wancan. Ruwa ba ya ƙarya, duk inda ya tsaya a nan, nan ya tsaya a can. Ɓangaren hagu ya yi ƙasa da santimita 4.

Na ce, "Baba, santimita 4 ai ba komai ba ne." Ya ce in na bar shi haka lilon ba zai tafi a miƙe ba, zai riƙa jan gefe yana neman ƙafar ƙarfe. Muka sake ɗagawa, muka sa faffaɗan dutse a ƙarƙashin ƙafafun hagu, muka sake awo har sau uku. Muka tokare shi da katako. Dare ya yi, kankare sai gobe.

Lahadi, 20 ga Afrilu

An yi ruwa da dare, ramuka biyu sun cika. Awa guda na yi ina kwarfewa da gwangwani. Sannan muka kwaɓa: siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Na tsayar da kankaren daidai da gindin babban ramin, don ya kasance a binne can ƙasa, kada wata rana kan yaro ya same shi. Na sake gwada tiyon kafin ya kama. Bai motsa ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Mako guda ina yayyafa wa kankare ruwa safe da yamma, a rufe da tsofaffin buhuna. A kwana 7 yana samun wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, cikakke sai kwana 28. Yara na tambaya kullum. Na shafa fenti a wuraren walda, don nan ne zinki ya ƙone, nan tsatsa za ta fara. Motar yashi ta farko ta sauke.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Aikin baban giwa. Na koma littafin nan don in duba wani abu daban, sai idona ya faɗa kan jadawalin da na tsallake ranar farko. Ba kowane abu mai taushi ne ke tare faɗuwa iri ɗaya ba. Yashi mai zurfin santimita 23 yana kare kai ne daga faɗuwar da ba ta wuce mita 1.2 ba. Ƙananan tsakuwa masu santsi, mita 1 da rabi. Gutsattsarin katako, har mita 3. Shi kuma lilo ba daga kujera ake auna tsayin faɗuwarsa ba, daga inda sarƙa take rataye ne. Nawa mita 2.1. Yashin bai ko kusa ba.

Na daɗe zaune a kan tulin yashin. Zuciya ta ce mini duk mun tashi muna faɗuwa a kan ƙasa mai tauri, ga mu nan da ranmu. Amma na san 'yata. Ba za ta yi mako guda ba sai ta gwada tsalle daga lilo yana sama. Yashi kuma in ya jiƙa ya bushe, daskarewa yake yi. Na kira mai mota na ce ya dakatar da ta biyu. Kuɗin ta farko ya tafi.

Duk tunanina tun farko yana kan ƙarfe ne, abin da ake gani a sama. Ashe rabin aikin a ƙasa yake, inda babu wanda zai kalla ya yaba.

Alhamis, 1 ga Mayu

An samu gutsattsarin katako a inda ake sarrafa itace. Sharaɗi biyu na kafa: ba garin zarto ba, don iska za ta kwashe shi ya shiga idon yara, kuma ba na katakon da aka jiƙa da maganin gara ba. Na zauna da yara muna tsince ƙusoshi da masu tsini, maganaɗisu ya taimaka. Mun samu ƙusa 11. Yashin na tura shi kusurwa na kewaye da bulo ya zama wurin wasa. Kyanwar maƙwabta ta riga yaran gano shi, dole sai da murfi.

Asabar, 3 ga Mayu

Na rataya sarƙoƙi. Kujeru daga wani katako mai kauri da ke ajiye, na goge su da samfefa na zagaye kusurwoyin. Tsayinsu daga ƙasa santimita 40. Ƙugiyoyin nan masu siffar S na matse su da babbar filaya har sai da ƙofar ta rage bai fi milimita 1 ba. In ta fi haka, sarƙa na iya zamewa ko riga ta maƙale. Na ɗora buhun yashi a kowace kujera na yi ta turawa. Ƙafafun ko gezau.

Lahadi, 4 ga Mayu

Sun hau.

Babbar ba ta jira an tura ta ba. Ƙanin ya riƙe sarƙa da hannu biyu har yatsunsa sun yi fari, ya ce, "Baba, a hankali." Turi uku, sai ya ce, "Baba, ƙara!" Akwai wata dariya da yaro ke yi daidai lokacin da lilo ya kai ƙarshen sama ya ɗan tsaya kafin ya dawo. Numfashi ne ke ɗaukewa, sannan dariyar ta fashe a hanyar saukowa. Na ji ta yau ba adadi.

Da yamma na yi wasan kaina. Na kunna agogon waya na ƙirga zuwa da dawowa goma da yaron a kai: sakan 25. Da yayarsa, sakan 25. Na zauna da kaina, sarƙa ta yi ƙara amma ta riƙe: kusan haka. 'Yata ba ta yarda ba, ta ce ai mai nauyi ya fi gudu, sai da ta riƙe wayar ta ƙirga da kanta. Nauyi ba shi da ruwa a ciki, tsawon sarƙa ne ke yanke lokacin. In kana so lokacin ya ninka, sai ka ninka sarƙar sau huɗu. Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya rubuta wa wani abokinsa a 1602 cewa lokacin lilo kusan ɗaya ne ko ya tafi nesa ko kusa, kuma a kan wannan lura Huygens, wani masani ɗan Holland, ya ƙera agogo mai lilo a 1656. Na gaya mata haka. Ta ce, "To Baba, sauka, lokacinka ya ƙare."

Talata, 6 ga Mayu

Ranar da ba na so in rubuta. Yaran maƙwabta sun shigo, abin da na sani zai faru kuma nake so. Ina ciki ina shan ruwa. Ɗana ya sauka daga lilo, ya tura kujerar babu kowa a kai da dukkan ƙarfinsa, don ya ga iya inda za ta kai. Daidai nan ƙaramin ɗan maƙwabcina, shekara 2, ya sheƙo a guje ta gaba. Katakon ya same shi a saman gira.

Jini kamar an yanka wani abu. Goshi haka yake, ƙaramin rauni jini mai yawa, amma a lokacin ba wannan tunanin kake yi ba. Na danne da tsumma mai tsabta, muka kai shi aka duba. Ba a yi ɗinki ba, filasta ce kawai. An ce a lura da shi kwana ɗaya zuwa biyu: in ya yi amai, ko barci ya yi masa yawa, ko ya rikice, a dawo da shi nan take. Na je wajen uban da dare na ce, "Malam, ka yi haƙuri, laifina ne." Ya ce, "Haba, tsautsayi ne, yara ne fa." Na gode masa, amma ba tsautsayi ba ne. Littafin ya faɗa ƙarara kada a yi kujerar lilo da katako ko ƙarfe, a yi da roba mara nauyi. Na karanta wurin. Na wuce shi don ina da katako a ajiye.

Na kwance kujerun a daren. Ɗana ya shige bayan mamansa bai ci abinci ba, yana ganin shi ya yi laifi. Sai da na zaunar da shi na ce masa kujerar ce ba ta da kyau, kuma Baba ne ya yi ta.

Asabar, 10 ga Mayu

Yaron maƙwabci lafiya lau, har ya zo yana nuna filastarsa. Sababbin kujeru na roba mai lanƙwasa sun iso, irin wadda ke rungume mai zama. Na so in yanka tsohuwar taya, amma da na ga wayoyin ƙarfen da ke cikinta na fasa. Na kewaye ramin da katako mai faɗi na shafa masa jan fenti. Doka ɗaya: in ba kai ne a kan lilo ba, ƙafarka ba ta tsallake jan katako. Ƙananan ba sa gane nisa da gudun abin da ke tahowa, don haka dokar ba ta isa ba, sai da babba a wurin.

Laraba, 14 ga Mayu

Ƙiii, ƙiii, tun daga ƙarfe 4 har duhu. Maman yara ta ce ƙarar na shiga mata har haƙori. Na hau tsani na duba zoben da mai walda ya ce sun isa. Kwana 10 kacal, har sun fara cin juna, ga garin ƙarfe a yatsana. Giris ya yi shiru na kwana ɗaya. Na sayo marataya huɗu masu boris, na ɗaure da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. Kuɗi biyu a abu ɗaya.

Yaran kuma sun ƙirƙiro wasan murɗa sarƙa su sake ta juya da su. Yatsan babbar ya matse. Na zura tiyo a ƙasan kowace sarƙa, tsawon hannu. Ya yi maganin zafin rana ma, don da tsakar rana ƙarfen ba ya taɓuwa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Kankare ya cika kwana 28 yau, amma ba shi ne labarin ba.

Mako biyu ina fama da yaron nan ya koyi tura kansa. "Miƙe ƙafa, lanƙwashe ƙafa." Yana yi, amma kamar mai tuƙa keke, sau uku a zuwa ɗaya, lilon sai ya mutu a ƙarƙashinsa ya hau fushi. Matsalar ba ƙarfi ba ce. Lilon yana da lokacinsa, sakan biyu da rabi, kuma duk motsin da bai zo a kan wannan lokacin ba ragewa yake yi maimakon ƙari. Ƙafar ma ba ita kaɗai ba ce. Jiki ne ke kwantawa baya a ja sarƙa lokacin da za a taho gaba, a sunkuyo lokacin komawa. Ta yaya za ka bayyana wa ɗan shekara 4 wannan?

Yayarsa ce ta warware. Ta tsaya nesa a gabansa ta ɗaga tafin hannunta biyu ta ce, "Taɓo hannuna da ƙafarka." Don ya kai, dole ya miƙe ƙafa ya kwanta baya, kuma dole ya jira sai lilon ya nufo ta. Ta ja baya taku ɗaya. Ya sake kaiwa. Ta ƙara ja. Na lura ta tsallake jan katako, na kama bakina, na matso kusa dai. A wajen karo na goma na cire hannuna daga bayansa bai sani ba. Ya yi ta tafiya shi kaɗai, yana ƙara sama kaɗan-kaɗan, harshe a waje. Da ya waiwayo ya hango ni can gefe hannu a aljihu, sai ya rikice, lokacin ya ɓace masa, lilon ya lafa. Ya dube ni ya ce, "Kar ka taɓa. Ni zan yi."

Daga tsaye cak bai iya tayarwa ba tukuna, sai an ba shi turin farko.

Asabar, 24 ga Mayu

Ƙafafunsu sun share gutsattsarin daga ƙarƙashin kujeru, rami biyu kamar kwano. Na zura sanda: inda ya kamata a samu santimita 23, saura 9. Daidai inda aka fi faɗuwa, nan ne ya fi sirancewa. Ruwan daren jiya kuma ya kwanta a ciki, don ban shimfiɗa tsakuwa a gindin ramin ba kafin in zuba. Na ja wata 'yar hanya daga kusurwar da ta fi gangare na cika ta da tsakuwa. Na mayar da gutsattsarin da manjagara, na ɗora tabarmar roba mai kauri a ƙarƙashin kowace kujera. Wannan aikin kowane mako ne daga yanzu.

Na haɗa lissafi. Abin da na kashe ya kusa ninka abin da na ware. Ƙarfe da walda wajen kashi ɗaya cikin uku. Haƙa, yashin da bai yi amfani ba, gutsattsari, katakon gefe da tabarma, kusan rabi. Sauran sarƙa, kujeru iri biyu, marataya iri biyu.

Asabar, 31 ga Mayu

Na zauna a lilo da Auta a cinyata, hannu ɗaya a sarƙa, ɗaya a cikinta, ƙafata na jan ƙasa. Da farko ta sandare. A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa kai ya motsa, kuma ita wannan motsin sabo ne gare ta. Zuwa na biyar ta saki jiki. Da na tsaya ta riƙa turo bayanta a ƙirjina, wai a ci gaba. Da na sauke ta sai kuka.

Don haka mataki na gaba nata ne. Ƙaramin ƙarfe daban a kusurwar da ke kusa da yashi, kujerar bokiti, kuma gindinta ya yi nesa da ƙasa da aƙalla santimita 60 don kada ta iya hawa ko sauka ita kaɗai. Wannan karon tsakuwa a gindi tun farko, boris tun farko. Akwai kuma gefe da gefen babban lilon, inda ake so abu mai taushi ya kai mita 1.8 daga ƙafafu, nawa bai kai ba. Mota ɗaya ta gutsattsari za ta rufe duka biyun.

Rigimar layi ba ta mutu ba, wuri kawai ta sauya. Yau yara bakwai ne a kan kujeru biyu. Na ce kowa zuwa da dawowa 30 ya sauka. Babbar ce mai ƙirga, kuma na kama ta: in ƙawarta ce a kai, tana maimaita "ashirin da tara" har sau huɗu. Ƙaninta bai iya ƙirga ya wuce 20 ba, amma ya fara zargi.

Notin maratayin dama na ji kamar ya ɗan saki. Gobe da safe in hau da sifana kafin su tashi.